Shinkafar da ta kwana a kula

A azumin shekarar 2021 na ɗumama shinkafa da hannuna na ba ƴaƴana uku da uwar mijina, kafin azahar duk su huɗun suna kwance suna amai. Auta ta kwana da ƙarin ruwa a hannu. Bayan haka na yi shiru har kwana tara, ina kallo ana ɗora laifin a kan wata baiwar Allah da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Na daɗe ina son ba da labarin nan, domin na san yau ma a gidaje da yawa na Damagaram akwai kula irin tawa a ƙuryar ɗaki, da abincin jiya a cikinta, ana jiran yara su tashi.

A Birni aka haife ni, aure ya kawo ni Garin Malam. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta yarda tukunya ta kwana da baƙi. Da toka da yashi muke dirje gindin tukunya har sai ta yi ƙyalli. Haka na taso, haka na riƙe gidana. Ko lokacin da famfo ya yi kwanaki bai kawo ba, ƴan garuwa suka tsauwala kuɗin bido, gara in rage ruwan wankana da in bar kwano ya kwana ba a wanke ba. Saboda haka in aka ce abinci ya cutar da wani, tunanina kan tafi ga masu ƙazanta, ko ga abincin bakin titi da ƙuda ke bi. Ban taɓa kawowa a raina cewa tukunya wankakkiya, da murfinta a rufe, za ta iya kwantar da yaro ba.

Azumin waccan shekarar ya faɗo daga tsakiyar Afrilu zuwa wajen tsakiyar Mayu, a ƙoƙon bazara ke nan. Wanda ya san Zinder ya san abin da nake nufi. Da rana zafi ya haura digiri 40, duwatsun garin su sha rana su ƙoshi, da dare kuma su yi ta huro ta. Bangon ɗaki ma in ka dafa da tsakar dare ɗumi za ka ji. Wutar lantarki, kuran kamar yadda muke cewa, tana zuwa tana tafiya. Muna da ƙaramin firigo, amma a wancan lokacin aikinsa kusan ɗaya ne, sanyaya ruwan buɗa baki.

Akwai maƙwabciyata da katanga ɗaya ta raba mu. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Mijinta yana can arewa wajen neman kuɗi, ita kuma fura take damawa tana sayarwa, da ita take ciyar da yaranta. Wata huɗu kafin azumi mun yi cacar baki a layin famfo kan wa ya riga wa ajiye bido, maganar da ba ta kai ta kawo ba, amma ta bar mu da gaisuwa daga nesa. Ranar sha shida ga azumi, ana dab da kiran magariba, sai ga ƴarta ta yi sallama da ƙwarya rufe da faifai. Ta durƙusa ta ce, “Wai in ji Mama, a sha ruwa lafiya.” Fura ce mai kauri, da nono mai kyau, ƙamshin citta da kanumfari na tashi. Na gane nufinta, sulhu take nema, kuma raina ya yi fari. Kowa a gidan ya sha, har auta da na ba ta a ludayi. Kafin a tafi asham ƙwaryar ta ƙare.

A wannan ranar kuma maigidan ya ce min abokansa na Kasuwar Dole za su zo shan ruwa. Na auna shinkafa tiya guda cur, na yi dafa-duka da man gyaɗa da ɗan nama. Na gama wajen ƙarfe uku na rana don in samu sararin kunu da ƙosai, na juye ta da zafinta a babbar kula na rufe. Baƙin ba su samu zuwa ba. Mu kuma mun cika ciki da ruwa da kunu da furar nan, bayan asham aka ɗan taɓa shinkafar, fiye da rabi ya saura. An ɗauke kuran tun magariba. Ko da akwai ma, ba na jin zan sa ta a firigo, don a sanina abin da ke cikin kula a tsare yake. Da sahur babu wanda ya iya cin shinkafa saboda zafi, kunu muka sha. Na ce a bar wa yara.

Wajen ƙarfe goma na safe na buɗe kular. Ina iya tuna yadda gumi ya taru a cikin murfin yana ɗiga, da yadda shinkafar ta ɗan yi laushi a sama. Na sa bayan hannu, ba zafi ba sanyi. Na kai hanci na shinshina sau biyu kamar yadda aka koya mana, babu tsami, babu wari, babu yauƙi. Ina azumi, ban ɗanɗana ba. Na juye a tukunya, na yayyafa ruwa, na ɗora a gawayi har tururi ya turnuƙe, zafinta ma sai da yara suka jira ta huce. Ƴata mai shekara tara, da ƙaninta mai shida, da auta mai shekara biyu da ƴan watanni suka zauna a faranti ɗaya. Inna, uwar maigidan, ba ta azumi saboda magungunan da take sha, na zuba mata nata. Ana cikin haka wani almajiri ya yi bara a bakin zaure, ƙaramin yaro da robarsa mai ruwan ɗorawa, na cika masa ita taf, ya tafi yana ta godiya.

Awa sha tara ke nan da sauke shinkafar.

Mai shekara shida ne ya fara, wajen sha biyu da rabi. Yana wasa a gindin darbejiya sai ya dafe ciki ya kelaya amai. Kafin in gama wanke shi yayarsa ta fara. Sai Inna daga ɗakinta. Auta ce ta ƙarshe, kuma nata ya fi tsanani, ko ruwa na ba ta sai ya dawo.

Inna na kwance a tabarma tana nishi ta ce, “Furar nan ce. Wata huɗu ba ta kula ki ba, rana ɗaya ta aiko da ƙwarya? Ai da walakin.” Mata biyu da suka shigo jin kukan yara suka ji wannan magana da kunnensu. Ɗaya ta ce a nemo rubutu, ɗaya ta ce a jiƙa sabara, aka turara ɗaki da hayaƙi. Ni kaina a lokacin zuciyata ta karkata ga zancen Inna, don shi ya fi min sauƙin ɗauka. Haka muka ɓata awa uku. Bayan la'asar auta ta saki jiki gaba ɗaya, idanunta suka zurma, leɓenta ya bushe, tana kuka ba hawaye, kuma tun safe ba ta yi fitsari ba. Maigidan ya dawo daga kasuwa, kallo ɗaya ya yi mata ya fita da gudu neman adaidaita.

A likita ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ta tsunkuli fatar cikin auta ta saki, fatar ta daɗe a tattare kafin ta koma. Ba ta tsaya wata magana ba ta nemi jijiya ta sa mata ƙarin ruwa. Sauran aka dama musu ruwan gishiri da sukari na cikin ƴar leda, leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, aka ce su riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko suna amai. Ta tambaye ni ko akwai zawo mai kama da ruwan wankin shinkafa, don kwalara take tsoro, na ce babu. Ta aiki maigidan sayen magani, sannan ta jawo kujera ta zauna gabana.

“Maman yarinya, me suka ci?”

Na ce fura, daga maƙwabta.

“Wa da wa suka sha?”

Na ce kowa, har ni da babansu da babban ɗana.

“Ku ukun lafiyarku lau?”

Na ce lafiya lau.

“To me waɗannan huɗun suka ci wanda ku masu azumi ba ku ci ba?”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa mata komai, da lokacin da na sauke, da kular, da ɗumamen. Na ƙara da cewa na shinshina, kuma na ɗumama ta sosai. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce, “Shinkafar ce. Amai awa biyu zuwa uku bayan cin shinkafar da ta kwana, mun saba ganinsa, musamman a azumi da lokacin biki. Hanci ba ya jin wannan dafin, wuta kuma ba ta kashe shi.” Ta tashi ta tafi wajen wani mara lafiya, ta bar ni da ɗigar ruwan nan ina ƙirgawa.

Ni kaɗai na ji wannan magana. Da maigidan ya dawo ya tambaye ni me aka ce, na ce an ce abinci ne ya ɓata musu ciki. Ban yi ƙarya ba, amma na san sarai abin da zai fahimta.

Washegari da yamma aka sallame mu, an ba auta ƙwayar zinc ta kwana goma. Allah ya taimake mu, yara suka warware, Inna ta ɗan daɗe ba ta da ƙarfi. Amma kafin mu dawo magana ta riga ta zaga unguwa. Da yarinyar ta zo karɓar ƙwarya, Inna ta sa aka miƙa mata daga bakin zaure ba ko sannu. Masu sayen furar Yaya suka ja baya. Ta katanga ina jin yadda gidan ya yi tsit, gidan da kullum da hantsi ake jin dakan gero da yara suna sallama da kwanukansu. Wata rana na ji ƙaramin ɗanta yana tambaya me ya sa ba a dama fura yau ba, ta ce masa gero ne ya ƙare.

Me ya hana ni magana? Kunya ce, da tsoron a ce matar da ake yabo da tsafta ita ta kusa kashe ƴarta. Da tsoron Inna, wadda dama ba ta rasa abin faɗa a kan girkina. Ina sallar dare ina roƙon gafara, na san kuma haƙƙin da ke kaina ba na tsakanina da Allah kaɗai ba ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ni kuwa nawa na taka na zauna a kai.

Ƙanena yana karatun likita a jami'ar garin nan, wadda yanzu ake kira Jami'ar André Salifou. Ya zo duba yara ranar ashirin da biyar ga azumi, na ja shi bayan madafa na gaya masa gaskiya. Shi ne ya warware min abin dalla-dalla. Ya ce akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, da ke zaune a ƙasa, tana biyo ɗanyar shinkafa da sauran hatsi tun daga gona. Tana da dabarar dunƙulewa cikin ɓawo mai tauri kamar iri, tafasa ba ta kashe ta. Muddin abinci na da zafi sosai, sama da digiri 60, ba ta motsi. In yana da sanyi ƙasa da digiri 5, nan ma kusan barci take. Tsakanin nan ne take farkawa ta hayayyafa ta zuba dafi. Ya ce, “Yaya, kula tana riƙe zafi na ƴan awoyi ne kawai. Daga nan sai ta riƙe ɗumi, ɗumin nan kuwa shi suke so. Ga danshi, ga abinci. Kin yi musu ɗaki ne kin rufe ƙofa.”

Ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa: ɗaya, biyu, huɗu, takwas, sha shida. Ya ce in yanayi ya yi musu daɗi, wasu ƙwayoyin cuta suna ninkuwa duk minti 20. Ƙwaya ɗaya tak, cikin awa bakwai, ta haura miliyan biyu. Na tsaya ina kallon zanen ina lissafin awa sha tara. Ya ce ɗumamen da na yi ya kashe masu rai da yawa, amma dafin da suka riga suka zuba yana nan daram, ko suya aka yi. Haka ma wata ƙwayar da ke zama a hanci da fatar mutum da ƙurji, in ta shiga dafaffen abinci ta hannu ta samu lokaci, nata dafin ma ba ya jin wuta. Ƙwayoyin da ke sa abinci tsami da wari daban, masu kwantar da mutum daban, shi ya sa abinci zai iya yin ƙamshi lafiya lau alhali ya zama guba.

Ya ce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka nan, hukumomin Amurka ma sun ce in zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya ce. Na ce to mu da muke cikin arba'in fa? Ya gaya min kuma cewa a ƙididdigar da hukumar ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da cuta ta hanyar abinci duk shekara a duniya, 420,000 su mutu, 125,000 daga cikinsu yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Auta na zaune a tabarma tana wasa da murfin kwano lokacin da yake faɗin haka.

Da zai tafi ya ce, “Yaya, Inna ta sani? Matar nan fa ta sani?” Ban amsa ba.

Washegari, ana shirin shiga daren ashirin da bakwai, na faɗa wa maigidan bayan shan ruwa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “Ciwon yara ƙaddara ce, ba ki sani ba. Amma shirun nan kin sani. Tashi mu je wajen Inna.” Inna ta ƙi yarda da farko. Ta ce shekara saba'in tana cin ɗumame bai kashe ta ba. Maigidan ya bi da ita a hankali, wa ya sha fura, wa ya ci shinkafa, wa ya kwanta. Ta yi shiru tana jan carbi, can ta ce, “Astagfirullah. Ashe na ɗauki alhakin baiwar Allah da bakin azumi.”

Ni kaɗai na shiga gidan Yaya. Na same ta a kan sallaya. Na durƙusa na ce, “Yaya, na zo neman gafara. Ba furarki ba ce, shinkafata ce, kuma tun a likita na sani.” Ta dube ni, hawaye na zubo mata, ta ce, “Ƙanwata, da kin san abin da na ji a kwanakin nan. Har cewa aka yi na sa wa yara magani. Ni da na goya babban ɗanki.” Na kasa ɗaga kai. Ta ce ta yafe, don darajar daren. Na ce yafiyar ɗaki ba ta isa ba tunda a waje aka ɓata ta. Bayan Sallah, ranar da aka koma Islamiyyar matan unguwa, na nemi izinin malama na miƙe na faɗi abin da ya faru daga farko har ƙarshe. Da aka tashi mata uku suka same ni a gefe, kowace da labarin ranar da yaranta suka yi amai bayan ɗumamen shinkafa ko taliya, aka ce zafi ne, ko shawara, ko haƙori.

Wannan ya tsaya min a rai. Gaskiyar Inna ce, mun taso da ɗumame, kuma sau da yawa ba abin da ke faruwa. Amma sau nawa yaro ya yi zawo aka ce haƙori yake fitarwa, alhali kunun safe ne aka ba shi da la'asar? Babba zai yi ɗan murɗar ciki ya wuce. Yaro ƙarami, da tsoho, da mai juna biyu, su ne abin ke kayarwa, kuma su muke ajiye wa saura.

Almajirin nan kuwa ban sake ganinsa ba. Na yi ta leƙen zaure da hantsi ina duba roba mai ruwan ɗorawa. Na tambayi wasu almajirai, ba su gane wanda nake nufi ba. Ƴaƴana suna da uwa da ta wanke su, da uba da ya nemo adaidaita. Shi in amai ya kama shi a wani lungu cikin wannan rana, da wa zai ce? Har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Mu mata mu faɗa wa kanmu gaskiya: sau da yawa abin da muke shakkar ba ƴaƴanmu shi muke juye wa almajiri, mu kira shi sadaka. Ni ban yi da nufi ba, amma na san ana yi da sani. Yanzu duk abin da zan bayar, a daren nake bayarwa, da zafinsa.

A nan muka fi kai ruwa rana da Inna, maganar zubar da abinci. A wajenta hatsi ba abin zubarwa ba ne, ta ga shekarun fari na 1973 da 1984 da idonta, ko ƙwayar gero ta faɗi sai ta tsince. Ban ga laifinta ba, kuma addini ya hana almubazzaranci. Abin da na fahimta shi ne ɓarnar tun wajen awo take farawa. Na daina auna tiya don baƙin da ba su tabbata ba. In sun zo, ɗora wata tukunyar ba ta fi rabin awa ba. Na sahur daban nake dafawa, ɗan kaɗan, ko da zai ci min ƙarin gawayi. Abin da muka kashe a kan Inna kaɗai a wancan ciwon ya fi kuɗin gawayin azumi gaba ɗaya. In abinci ya saura kuma akwai kuran, sai in baje shi a faranti mai faɗi ya huce da sauri in sa a firigo kafin awa ɗaya, washegari a ɗumama sau ɗaya tak har ya yi zafi ciki da waje. In an ɗauke kuran ba na barin yara su yi ta buɗe firigon, domin a rufe yana riƙe sanyin da ya isa na kamar awa huɗu ne. Miya kuwa, tafasa ta da iyayenmu ke yi dare da safe yana da amfani, amma sai ta tafasa sosai tana ɓalɓala, a kuma daina tsoma cokalin da aka kai baki.

Da damina ta sauka a waccan shekarar kwalara ta ɓulla a ƙasar nan, ta taɓa Maraɗi da jiharmu ta Zinder da wasu jihohin, mutum sama da 5,000 suka kamu. Lokacin ne na juya kan randa. Na zauna wata rana ina kallon yadda yara ke shan ruwa: a dawo daga wasa, a ɗauki moɗa daga ƙasa, a zura hannu har gwiwar hannu cikin randa, a sha, a mayar da saura. Randar da nake wankewa duk kwana biyu ina alfahari da ita. Na sayi bokiti mai murfi da ƴar famfo a jiki don ruwan sha, ina sa ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardar, a jira minti 30 kafin a sha. Randa ta zama ta sanyaya ruwa, da ludayi mai dogon hannu a rataye, ni ko babban ɗana ke ɗiba. Wankin hannu a kwano ɗaya kafin cin abinci, wanda na ƙarshe yana wankewa da dauɗar na farko, shi ma na hana. Buta da sabulu, ɗaya ya zuba wa ɗaya. Latas da tumatir da ake kawowa daga lambunan Mirya, ganye-ganye nake wanke su da ruwan da aka sa wa magani.

Babbar Sallah ta zo a watan Yuli, na lura da abin da na shekara ina gani ban gani ba. Wuƙar da aka feɗe rago aka yanka kayan ciki, ita ake ɗauka a yanka gasasshen nama a miƙa wa yaro. Tiren da ɗanyen nama ya zauna, jininsa na kwance, nan ake juye soyayye. Na ware wuƙa da katako na ɗanyen nama, na ɗaura wa ƙotar wuƙar jan zare don kowa ya gane ta. Naman da aka banƙare aka gasa wuni guda, cinya da kafaɗa masu kauri sai an duba cikinsu, in da ja a mayar wuta. Suyar washegari kuma sai ruwan naman ya ƙone ƙaf ya soyu cikin mai, shi ne yake ajiyuwa.

Yaya ma ta ɗauki nata. Da ƙanena ya gaya mata cewa tsamin nono yana rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfi amma ba ya kawar da cututtukan da ke biyo ɗanyar madara daga jikin saniya, irin su tarin fuka, sai ta koma sayen madara tana tafasawa da kanta kafin ta zuba mata iri ta kwana. Masu sayenta sun dawo, har da ƙari, ko da yake akwai gida biyu da har yau ba sa aikowa, kuma na san dalilin.

Inna ta rasu bara, Allah ya gafarta mata. Har ƙarshen rayuwarta in na kawo mata abinci sai ta kai hanci ta shinshina, sannan ta tambaye ni, “Na yaushe ne?” In ce na yanzu ne, Inna. A azumin da ya wuce, ranar farko, ana dab da kiran magariba ƴar Yaya ta yi sallama da ƙwarya rufe da faifai. Auta, wadda yanzu take zuwa makaranta, ita ta karɓa. Na zuba dafa-duka a langa tana tururi na ba ta ta kai musu, na ce ta gaya wa Yaya yanzu na sauke, a ci kafin asham.